Shinkafar Kirsimeti a Watan Azumi

Azumin bana ya same mu cikin ragowar sanyi, irin wanda mutum zai kai hannu ga butar alwala da asuba ya janye kafin ya daure. Jikokina, waɗanda lissafin watanni yake cikin wayoyinsu, sun shaida mini cewa nan da 'yan shekaru kaɗan Ramadan zai sake haɗuwa da Kirsimeti. Ban sani ba ko Allah zai nuna mini. Amma na ga haɗuwarsu ta baya, a shekarar da sojoji suka koma bariki suka miƙa wa farar hula mulki a karo na biyu, kuma na ga ya dace in rubuta abin da ya faru a lungunmu na Gyaɗi-Gyaɗi tun hankalina yana tare da ni, domin da hannuna a ciki, kuma ba hannun da nake alfahari da shi ba ne.

A lokacin shekarata huɗu da yin ritaya, bayan shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, tun daga ƙaramin akawu har na kai ga ofishin da ake neman izini kafin a shigo. Mu 'yan makarantar da, an horar da mu a kan cewa abin da aka tsara ba a sake shi don wani ya ɗaga murya. Da wannan na yi aiki, da shi kuma na dawo gida na zauna a zaure, inda mutanen lungu suke kawo mini takardunsu da rigingimunsu, ina yanke hukunci, ana cewa to.

A bayan gidana akwai ɗakuna biyu da ɗan fili, masu ƙofarsu daban ta lungu, da wata ƙaramar ƙofa da ta haɗa su da tsakar gidanmu. Shekara goma sha shida Fidelis yana zaune a nan da iyalinsa. Mutumin kudu ne, Kirista, mai gyaran tafireta. A ofis na san shi, da 'yar jakarsa ta baƙar fata da yatsunsa masu tawada. Matarsa kowa Maman Ada yake kiranta, tana da teburin kayan masarufi a kasuwar Tarauni, kuma Hausar kasuwa ta zauna a bakinta har ta fi ta mijinta kaifi. 'Ya'yansu uku duk a gidan nan aka haife su, kuma uwargidana Hajiya ce ta yi wa kowannensu wankan farko.

Azumin shekarar ya zo da matsi ta kowace fuska. Kalanzir ya ɓace daga gari, har matan da suka yi shekaru suna girki da risho suka goge shi suka tura ƙarƙashin gado, aka koma murhun duwatsu da itacen da ake turowa a kura daga Daurawa. Layin motoci a gidajen mai na titin Zariya yakan wuni ya kwana bai motsa ba. Famfo ya ƙafe, sai mai garuwa, shi ma sai an bi shi da lallashi. Wutar lantarki kuwa ta zama baƙuwar da ba ta sallama. Hajiya takan tashi ta hura wuta ta yi mana ɗumamen tuwo da shayi, mu ci muna rawar ɗari, sannan a shiga wuni. Masu cewa azumin sanyi sauƙi gare shi, ƙishirwa kaɗai suka lissafa. Yunwar sanyi tun hantsi take farawa, ta kama mutum daga ciki ta bi ƙashi, leɓɓa su tsage, ƙafa ta yi faso, haƙuri kuma ya gajarta fiye da yadda mai shi ya sani.

Ga kuma abin da ya fi yunwa nauyi. Da daminar shekarar an yi tashin hankali a wani gari na kudu, aka kashe mutanenmu, labari ya iso Kano, gari ya ɗauki ramuwa. Kwana uku Fidelis da iyalinsa suka yi a uwar ɗakan Hajiya ba su leƙa waje ba. Cikin waɗanda aka kashe a can har da Habu, ɗan Inna Tabawa, tsohuwar da katanga ɗaya ce ta raba gidanta da filin Fidelis. Ƙanensa Ɗanlami, mai walda a Unguwar Gano, tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar Fidelis. Bayan wannan kuma sai maganar shari'a ta cika rediyo da majalisu, kowa da tasa fassarar, mutanen kudu suna ta sayar da kayan ɗaki a ɓoye.

Akwai wata al'ada a lungunmu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Ranar Kirsimeti, bayan sallar asuba, ni nake yanka wa Fidelis akuyarsa da hannuna, domin kowane Musulmi ya ci ba tare da wasiwasi ba. Maman Ada ta dafa shinkafa dafa-duka da soyayyen nama, da ƙarfe ɗaya na rana, idan an dawo daga coci, ta jera kwanuka goma sha ɗaya ta aika gida goma sha ɗaya, sannan su zauna su ci nasu. Kwanon kuma ba ya dawowa wayam: wani gida a zubo gyaɗa, wani ƙwai, wani dubulan. Da Sallah mu ma mu aika musu. Shekarar da ta gabata sun tafi garinsu jana'izar mahaifin Fidelis, don haka wannan ne karo na farko da shinkafar za ta faɗo tsakiyar azumi suna nan.

Saura kwana tara, bayan la'asar, Fidelis ya yi sallama a zaure. Ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ya saba, ko da yake na sha hana shi.

"Baba Alhaji, tambaya na kawo."

"Bismillah, Fidelis."

"Ƙarfe nawa za mu ci abincin Kirsimeti?"

Na yi murmushi, na ce tun da nake ba a taɓa kawo mini ƙara irin wannan ba. Shi bai yi murmushin ba.

"Baba, Maman Ada ta ɗaure akwati. Ta ce kwano sha ɗaya za ta aika kamar kullum. In aka dawo mata da su ba a taɓa ba, to ta ji amsar unguwa, sabuwar shekara na shiga ta kwashe yara sai gida. In ta tafi, ni ma zamana ya ƙare. Ni nan na sani, Baba. Can in na je baƙo ne ni."

Ya ce ya yi tunanin ko su dafa kaɗan a cikin ɗaki su rufe ƙofa, ko kuwa su jinkirta har yamma. Jin haka sai wani abu ya taso mini, wanda a lokacin na ɗauka mutunci ne. A gidana za a ɓoye tukunya kamar kayan sata? Mutumin da na ɓoye kwana uku ina tsaye a bakin zaure, yau shi zai sake lokacin idinsa don tsoron samari?

Na ce, "Ƙarfe nawa kuka saba?"

"Ƙarfe ɗaya, Baba."

"To ƙarfe ɗaya ne. Shekara goma sha shida ana yi, ba a kawo dalilin sakewa ba. Mai azumi ya karɓi kwanonsa ya rufe ya ajiye har a sha ruwa. Na faɗa, kuma ni zan tsaya."

Da na shiga gida na gaya wa Hajiya, tana tankaɗen garin kunu. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Alhaji, ka taɓa tsayawa a bakin murhu?"

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Abincin da za a ci ƙarfe ɗaya, ƙarfe nawa kake tsammani ake ɗora shi? Kuma babu kalanzir. A fili za ta hura itace, ta soya akuya guda, mutane suna azumi. Hanci ba ya rufe kwano ya ajiye."

Na ce mata hukunci ya riga ya fita. Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Allah ya kyauta," cikin muryar da na yi shekara arba'in ina ji ban koyi jin tsoronta ba.

Ranar ta kama Asabar. Na dawo daga masallaci gari bai gama wayewa ba, na yanka akuyar, tururin jininta yana tashi cikin sanyi. Fidelis ya feɗe, ya yi wanka, ya ɗauki yara cikin sababbin kaya suka tafi neman motar da za ta kai su coci. Maman Ada ta zauna don girki. Ƙarfe tara ta hura wuta.

Ina zaure da Alƙur'ani a gabana lokacin da ƙamshin ya iso. Albasa ce ta fara, cikin man gyaɗa mai zafi. Sai tattasai da tumatir. Sai naman, da wannan kayan ƙamshin nasu na kudu wanda yake shiga hanci ya sauka har ciki. Iska kuwa daga bayan gida take kaɗawa, ta tsallake katanga ta bi lungu gida gida. Na karanta shafi ɗaya sau uku ban riƙe aya ba. Cikina, wanda na yi zaton na hore shi kamar yadda na hore ƙananan ma'aikata, ya shiga kuka a fili. Masu wucewa ta ƙofar zaure suka riƙa gaishe ni a taƙaice, wasu ma ba su ɗago kai ba. Tun wajen sha ɗaya na san Hajiya ta fi ni gaskiya. Taku ashirin ne tsakanina da murhun, kalma ɗaya ta isa a janye itacen. Ban tashi ba. Ban ga yadda zan soke umarnina da bakina ba.

Sha biyu ta wuce kaɗan na ji ƙarar garwa, da wani irin huci mai ƙarfi, da ihun mace. Na ɗauki sandata na zagaya ta lungu. Mutum shida ko bakwai sun cika ƙofar Fidelis. A tsakiyar filin Ɗanlami yana tsaye da garwa a hannu, ruwan da Maman Ada ta yi kwana biyu tana tarawa ya juye shi a kan murhu. Toka ta tashi ta sauka a kan murfin tukunya, itacen ya yi baƙi yana tsiyaya. Maman Ada ta manna bayanta da bango, ludayi yana hannunta har yanzu.

Na ɗaga murya irin ta ofis. "Ɗanlami! A gidana?"

Ya juyo, idonsa ja, leɓensa a bushe sun tsage. "Baba, ka gafarce ni. Tun ƙarfe tara Inna take zaune a gindin katangar can tana shaƙar wannan. Tsohuwa ce, tana azumi. Habu ne yake karɓo mata kwanon nan duk shekara, shi yake tsinto mata hanta. Tun safe kuka take yi ba ta daina ba. Su ba za su iya jira ba? Yamma ta yi musu nisa? Ko so suke su nuna mana?"

Wani daga baya ya ce, "Raini ne kawai."

A nan ne ya kamata in ce: ba ita ba ce, ni ne; mijinta ya nemi ya jinkirta, ni na hana. Maman Ada ta dube ni, tana jiran in faɗa. Abin da na ce shi ne, "Ku watse. Duk wanda ya sake taka filin nan da ni yake yi." Magana ce mai kyau a kunne, kuma ta bar laifin a inda suka ajiye shi. Suka fita a hankali, ba don tsorona ba, don an fara kiran azahar. Na ji ɗayansu yana cewa, "Bari a sha ruwa tukuna, ma yi maganar da kyau."

Fidelis ya dawo wajen biyu saura, ƙafafunsu duk sun gaji da tafiya, ya tarar da jiƙaƙƙiyar toka, matarsa kuma tana zaune a kan akwati a bakin ƙofa. Ya tsaya da hularsa a hannu, yaran suka ɓuya a bayansa. Ni ma ina tsaye, ban taɓa jin sanda ta yi mini rashin amfani kamar ranar ba.

Sai ƙaramar ƙofa ta buɗe, Hajiya ta shigo da tsumma biyu a hannu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta buɗe tukunyar ta latsa ƙwayar shinkafa da yatsa.

"Tashi, Maman Ada. Ba ta mutu ba, rabi ta yi. Kama nan."

"Hajiya, bar shi. Na ji amsa."

"Amsar mutum ɗaya kika ji, shi ma yunwa ce ta yi magana da baƙin ciki. Saura gida goma. Kama, kin san bayana ba ya son nauyi."

Suka kinkimi tukunyar suka kai madafar Hajiya. Ta zuba wa yaran ragowar tuwo a ɗaki, amma Fidelis da matarsa suka ce ba za su iya haɗiyar komai ba. Ba a sake hura wuta ba sai da aka idar da la'asar, lokacin da kowane gida a Gyaɗi-Gyaɗi yake ɗora tukunyar buɗa-baki. Hayaƙi ya tashi daga kowace katanga, ƙamshin ƙosai da na miya suka cika lungu, na shinkafar Kirsimeti ya shige cikinsu ba wanda ya iya ware shi. Abin da Hajiya ta so in gane ke nan kwana tara da suka wuce.

Shida saura kwata aka jera kwanukan. Na ce a ajiye na gidan Inna Tabawa, kada a ƙara wa wuta mai. Maman Ada ta ci gaba da zubawa.

"Baba, Inna ba ta zuba mini ruwa ba."

Ta tsinto hanta ta ɗora a kai ta rufe. Hajiya ta yafa mayafi ta ce wannan ita za ta kai. Sauran goman Maman Ada ta kai da ƙafarta, biyu biyu a kan faranti, ta gaban majalisar da mutanen ɗazu suke zaune suna jiran kira. Ina bakin zaure ina ƙirga zuwanta da dawowarta. Sau biyar ta wuce su, kuma hankalina bai kwanta ba.

Aka kira magariba. Na sha ruwa na ci dabino, na yi salla a masallaci, na dawo ban tsaya gaisawa ba. A filin Fidelis an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an kunna kyandir biyu, abinci yana gabansu ba a taɓa ba. Ya ba ni kujera. Muka zauna muna kallon ƙofa. Duk takun da ya doso, sai in ga hannun Fidelis ya kama gefen tebur.

Kwanon farko ya dawo a wanke, da ƙosai mai zafi a ciki. Maman Ada ta buɗe ta rufe. Na biyu da dabino. Na uku da lemo biyu. Wata maƙwabciya ta kawo nata da kanta tana cewa, "Maman Ada, bana kin yi rowar yaji." Kafin a soma shirin isha'i kwano goma suna jere a bakin ƙofa, babu wanda ya dawo da shinkafa. Amma Maman Ada ba ta zauna ba, kuma akwatin yana inda yake.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙyauren, duk da a buɗe yake. Ɗanlami ne, shi kaɗai. Bai shigo ba. Ya sunkuya ya ajiye kwanon a bakin ƙofa. Maman Ada ta je ta ɗaga murfin. An cinye, an wanke, an saka ƙwai uku na kajin Inna Tabawa.

Yana kallon ƙasa ya ce, "Inna ta ce an gode. Ta ce hantar ta yi laushi." Sannan ya dubi Fidelis, karo na farko cikin wata biyar. "Oga, ai da kun bari sai yamma tun farko."

Fidelis ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Na miƙe tsaye kafin ya fara.

"Ɗanlami, ya nemi ya bari. A zaurena ya durƙusa ya nema. Ni na ce ƙarfe ɗaya, ni na hana a sake. Ɗazu ma ya kamata in faɗa, na yi shiru. Ka gaya wa Inna laifin nawa ne, gobe zan zo da kaina. Ka gaya wa mutanen majalisa su ma."

Ɗanlami ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "To, Baba." Sannan ya leƙa murhun ya ce da Maman Ada gobe zai turo mata garwa biyu, ya juya ya tafi.

Maman Ada ta ja akwatin da ƙafa ta tura shi cikin ɗaki, ta ce da mijinta, "Yi addu'a, abinci ya huce." Ta zuba mini a farantin da ba a fitar da shi sai ranar idi. Na ci, kuma ban taɓa cin shinkafa da kunya da daɗi a haɗe kamar wannan ba.

Sun ƙara shekara tara a gidan kafin tafireta ta mutu gaba ɗaya, tsufa kuma ya kira Fidelis gida. Azumi ya ja baya ya bar Kirsimeti, amma Maman Ada ba ta sake komawa ƙarfe ɗaya ba. Har suka tashi, kwanukanta da magariba suke fita. Hajiya ta rasu shekara shida ke nan, yanzu da gas ake girki a madafarta, kuma ɗakunan bayan wasu ɗalibai ne a ciki waɗanda ban san ranar idinsu ba. Kwanan baya wata jikata ta karanta a wayarta cewa Turawa suna gardama a kan lokacin da ya fi dacewa a ci abincin Kirsimeti, ta zo tana dariya ta ce, "Alhaji, kai da ka san komai, ƙarfe nawa ne daidai?" Na ce mata sau ɗaya aka taɓa yi mini wannan tambaya, kuma na ba da amsa ban tambayi mai hura wutar ba.